Garayar Kawuna Da Na Sa Aka Fasa

Ni tsoho ne yanzu, amma a lokacin da abin ya faru saurayi ne ni, ban fi shekara ashirin da biyu ba. Zamanin Turawa ne. Mu Maguzawa ne na wani ƙauye kusa da Nariya. Na yi shekara uku ina wanke miki a asibitin kutare na 'yan mishan, a can na karɓi bishara, na koyi karatu kaɗan. Na dawo gida da littafin waƙoƙi a aljihu da girman kai cike da ciki. Ba mu da ɗakin sujada, ƙarƙashin tsamiya muke taruwa ran Lahadi, mu tara ko goma, ni ke ja musu waƙa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya goya ni bayan rasuwar babana. Makaɗin garaya ne, daga Rano har Kibiya babu wasan bori ko na mafarauta da ba a neme shi ba. Shi ne dattijo na farko da ya tuba, ya bar giya, ya daina zuwa wasan bori. Sai dai bai iya karatu ba, waƙoƙin littafi kuma sun ƙi zama a bakinsa. Yakan yi dariya ya ce waƙoƙina kamar tuwo ne babu miya. Wata Lahadi bayan girbi sai ya zo da garayarsa, ya tsara waƙa a kan ɗan da ya ɓace ya komo wurin ubansa. Kafin ya kai rabi mata sun kama amshi, mutanen da ba su taɓa zuwa ba suka cika gindin tsamiyar. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, kishi ne ya kama ni. Amma na miƙe na lulluɓe kishin da wa'azi, na ce wannan garaya da ita ake kiran iskoki, ba za ta shiga sujada ba.

Da yamma ya same ni, bai yi fushi ba. Ya kira ni ɗan nan, kamar yadda ya saba, ya tambaye ni ko jinin Yesu da ya wanke ƙato kamarsa zai kasa wanke guntun itace da fata. Sai na ce ya zaɓa, ko garaya ko baftisma. Baturen mishan mai yin baftisma sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma wanda na ce ya isa shi yake yi wa. Washegari Kawu ya fasa garayar a kan gwiwarsa, a gabana. Duk da haka da Bature ya zo na ce a ƙara masa shekara a ga zamansa. Bai daina zuwa sujada ba, amma yakan zauna a baya, bakinsa rufe. Sanƙarau ya ɗauke shi da bazara. Kafin ya cika, ina zaune kusa da shi na ga yatsunsa suna motsi a ƙirjinsa kamar mai kaɗa tsirkiya.

Na yi shekaru ina wa'azin cewa ceto kyauta ne ta wurin alheri, alhali ni na sa wa kawuna farashi. Na san ba ruwan baftisma ke ceto ba, na kuma gaskata Ubangiji ya karɓe shi, ya gafarta mini. Amma yau a ikilisiyarmu ana kaɗa ganga da kalangu, jikokina na amshi, ni kuwa na yi ta ƙoƙarin tuna waƙar nan tasa don in koya musu, ta ɓace mini.

Ku matasa masu jagorar waƙa da wa'azi, kafin ku ce wani abu haram ne, ku fara bincika zuciyarku, ko Littafi ne ya hana ko kishinku. Ni ban bincika ba sai da aka rufe kabari.