Dambun Naman Hamidu a Ranar Lambar Yabo

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da aka karrama cibiyar Indiyawan da na yi wa tuƙi a kusa da garin Lanham na jihar Maryland ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun san ni da surutu. To ranar nan surutun ya raba wani da abincinsa.

Wurin makaranta ce ta ƙarshen mako. Ana koya wa yara harshen iyayensu da kiɗa da rawa da ladabi, ana kuma gayyatar limamai da fastoci a zauna a yi maganar zaman lafiya. A kan haka wata ƙungiya ta ce za ta ba su lambar yabo. A sama akwai kwamiti, sai darakta, sai malamai, sai mu a can ƙasa: ni direban bas, da Hamidu mai shara, mutumin Maraɗi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda sati uku ke nan da na kawo shi.

Babbar dokar gidan tana kicin. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Kaza ko a mafarki ta gifta, sai an wanke tukwane. Abincin taro kuma sai an kai ɗakin ibadarsu kafin kowa ya taɓa. Duk wannan yana cikin takardar da ake ba sabon ma'aikaci, da Turanci. Hamidu Faransanci ya karanta. Darakta, Mista Raman, ya ce in fassara masa, na ce an gama. Na gaya masa lokacin zuwa da na tashi, sauran na ce sai mun zauna.

Ana jibi taro Hamidu ya same ni ina wanke mota.

"Yaya Sabo, mi za ni kai ma patron, darakta? Ba a zuwa barka hannu rabbana."

"Kai masa dambun nama," na ce. "Mutanen nan tun kakanninsu ganye suke ci. Ka ceci rai."

Na yi dariya har tiyo ya faɗi. Shi ma ya yi, na ɗauka ya gane.

Ranar Asabar da hantsi na dawo da manyan baƙi daga otal, na tarar kicin kamar gidan makoki. Ashe Hamidu ya je Beltsville wurin wata Hajiya an yi masa dambu cikin ƙatuwar roba. Ya yi sammako ya juye a farantansu, ya jera tsakanin shinkafa da kayan zaƙin da mata suka kwana biyu suna yi. Har cokali ɗaya ya yi amfani da shi wajen gyara jerin. Shugabar kicin, tsohuwa ce mai ba mu shayi kullum, tana zaune a ƙasa tana kuka. Abincin da zai ciyar da rabin Maryland aka kwashe aka fitar.

Mista Raman ya kira mu ofis, furen da za a rataya wa baƙi yana hannunsa.

"Sabo, ka karanta masa dokoki?"

Na tuna hayar gida da takarduna na zama a ƙasar da ba su gama fitowa ba. Na ce, "Na karanta masa, yallaɓai."

Hamidu bai jin Turanci sosai, amma wannan ya ji ta. Ya dube ni.

Malam Mohan, dattijon da ke koyar da ladabi, ya shigo ya ce, "Mutumin nan kyauta ya kawo. Yau za mu karɓi lambar zama da jama'a, mu fara da shi mana." Darakta ya ce 'yan kwamiti sun riga sun ji, ba yadda zai yi. Aka karɓi makullai a hannun Hamidu.

Da azahar aka kunna fitilar buɗe taro, yara suka rera waƙa, aka miƙa lambar. Mista Raman ya yi jawabi mai daɗi a kan haƙuri da wanda ba naka ba, har ya nuna ni ya ce ga ɗan'uwansu Musulmi daga Afirka. Aka tafa mini. Na tashi na washe baki. Ta taga ina hango Hamidu a tashar bas, rungume da robarsa.

Na ƙara shekara shida a wurin. Mutanen kirki ne akasarinsu, ba zan ci amanarsu ba, amma na ga zaman lafiyar da ake ba wa lamba ba ta cika saukowa wurin mai tsintsiya ba. Ni ma da nake zaginsu a zuci, da aka zo kaina ƙarya na yi. Saboda haka in an ba ku sabon ma'aikaci, ku karanta masa takarda har ƙasa, ku ajiye wasa sai ya san gida.

Hamidu yana tuƙa tasi yanzu. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya miƙo hannu ya ce, "Yaya Sabo, ina gajiya?" Duk garin nan shi kaɗai ne ban iya yi wa barkwanci.