Ranar da Yaya Hajara ta ce ba ta sani ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kusa da Zakirai. Ita ta goye ni, ita ta fara kai ni makaranta, amma in na tuna ta, wata rana ta damina ce take fara zuwa mini.

Da hantsi aka kawo Baffa Sule, ƙanen mahaifinmu, a kan amalanke. Feshin wake yake yi a gona ya yanke jiki ya faɗi, yawu na dalala, numfashi na sarƙewa. Yaya ta sa aka tuɓe masa riga aka wanke shi da sabulu, ta ce a kawo kwalbar maganin feshin. Ta daɗe tana duban sunan da ke jiki.

"Ban san wannan ba," ta ce da ni. "Allurar da nake zato tana nan, amma ba zan yi wa Baffa zato ba. Tayar da mashin."

A lokacin babu sabis ɗin waya a garinmu sai an hau titi. Na goya ta muna ratsa taɓo, tana ɗaga waya sama har kira ya shiga. Wani likita ta samu a Kano, malaminta na da. Ta karanta masa sunan harafi-harafi, ya faɗa mata allurar, da yadda za ta maimaita, da alamar da za ta sa ta dakata. Da muka dawo ta yi wa Baffa allurar, ta tsaya a kansa har ƙirjinsa ya saki, sannan ta sa aka wuce da shi babban asibiti. Da ya dawo gida, gonarsa ya fara tambaya. Ta yi dariya har da hawaye.

Yanzu sabis ya iso har cikin ɗakin allura. Zainab, wadda ta koyi aiki a hannunta kuma ta gaje ta, hoton kwalba ko takardar gwaji take ɗauka ta tura wa likitoci, amsa ta zo kafin a gama auna mara lafiya. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ina jin za ta yi murna, sannan ta yi faɗa a kan ranakun da wuta ke ɗaukewa waya ta mutu, da garuruwan da har yau sai an hau titi.

Ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne a asibitinmu ba a jin kunyar tambaya, mutanen gari ma sun daina ɗaukar hakan rashin iya aiki. Baffa Sule ya tsufa, har jikokinsa ya fara mantawa. Amma in ya idar da salla, sunanta yake fara ambata kafin na iyayensa.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya haskaka makwancinki.