Neman Tafintan Damagaram a Ƙuba

Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida da rikoda da kaset shida. Shekara biyu ina rubuta tarihin wata ƙaramar jam'iyyar Faransa da 'yan gwagwarmaya suka kafa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba ta hagu ba, ba ta dama ba. Shaidun da na sani duk sun rasu. Sai aka ce akwai Baba Mahaman a Madina, mutumin Damagaram, wanda ya yi wa wani ɗan ƙasarmu da ke majalisar Faransa tafinta a Faris.

Hanya

Bas ta tashi ƙarfe shida, tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. A shingen farko ɗan sanda ya juya iƙamata, takardar izinin zama, ya miƙo mini. Ƙarfe tara muka tsaya cin gurasar tamis da waken ful, riyal uku.

Ƙuba

Sha ɗaya da rabi muka shiga Madina. Da na ambaci Baba Mahaman na unguwar Ƙuba, direban tasi, Bahaushen Sudan, ya ce, "Tsohon da ke bayan gonar dabino? Yalla, hau."

Na sami Baba a tabarma, idanunsa sun tafi. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya ce, "Ɗana, na zo nan jiran mutuwa ne. Khalas, shi ke nan."

Na kama ɗaki a unguwar Al-Azizya. Kwana uku ina zuwa bayan la'asar, mu sha shayi, in tafi. Ran na huɗu na ce, "Baba, ga abin da zan rubuta: Turawan jam'iyyar sun ɗauki 'yan majalisarmu ne don cike kujera kawai."

Ya miƙe zaune. "Ƙarya! Su suka zo mana. Kujerunsu ba su isa a kira su ƙungiya a majalisa ba, alhali gwamnati ba ta tsayuwa sai da su. Muka ce a fara sako mutanenmu da ke kurkuku. Da bakina na juya maganar zuwa Faransanci. Kunna abin naka."

Kaset biyar ya cika cikin kwana biyu, ya kai labarin har zuwa lokacin da jam'iyyar ta rabe, ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki.

Komawa

Ranar Alhamis da magariba na iso Jidda. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Mahaman, wanda ya riƙe hannuna a ƙofa ya ce, "Ka sa sunayen fursunonin kafin na Turawan." Haka na yi.