Gawayin Kifi a Gidan Jego

Da 'yar wana ta yi haihuwar fari, ni aka tura zaman jego. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, a ɗakina ta girma a unguwar New Bell ta Douala, saboda haka babu wanda ya tsaya shawara. Da so samu ne gida za a kawo ta wanka, amma aiki aka yi mata, ga damina ta kankama, layinmu kuwa in aka yi ruwa na kirki sai mun ɗora katifu a kan tebur. Mijinta ya ce ta zauna a Makèpè kusa da asibiti. An raɗa wa jaririyar suna a masallaci, aka ɗage taron mata sai maijego ta warware. Na ɗaure kayana, har da kasko da kwalaben turaren wuta da na haɗa da hannuna, na hau tasi.

Surukin nan nawa mai ladabi ne, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Jikan mutanen unguwarmu ne, ya yi boko, yana aiki a wani ofishi a Bonanjo. An faɗa mini yana kiwon kifi, amma na ɗauka tarwada ce a baho a bayan gida.

Ina shiga falon na ga akwatin gilashi kusan tsawon gado, an haska shi da shuɗiyar fitila. Kifayen ciki 'yan mitsi-mitsi ne, masu launin lemo da na ƙwaiduwa, ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. A jikin duwatsun kuma ga wasu abubuwa suna buɗewa suna rufewa.

"Murjani ne, Gwaggo," ya ce da ni, yana ta murmushi. "Ruwan gishiri ne, irin na teku. Duk waɗannan da rai."

Murjanin da na sani shi ne jan da kakata ke ratayawa a wuya ranar salla. Wannan kuwa tsoka ce mai yauƙi, kamar tumbin da ba a wanke ba. Na ce tubarkalla, na kawar da kai.

Bai bar ni ba. Ya durƙusa ya buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashi don in ga aikin. Wani ƙarni ya bugo ni har cikin maƙogwaro. Ashe akwai wani ƙaramin akwatin a ƙasa, da bututu, da wani inji mai tashin kumfa. A saman injin akwai kofi, kuma abin da ya taru a ciki kore ne baƙi-baƙi, mai kauri. Na wanke kashin yara fiye da yadda zan iya tunawa, ban taɓa toshe hanci ba. Ranar na toshe da bakin mayafina.

Kashegari da safe, bayan na gama wa maijego wanka, na hura gawayi a kasko na zuba turare na ajiye a falo. Sai ga shi ya fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

"Gwaggo, don Allah, pardon, ban da falo. Injin nan iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Hayaƙin zai kashe su."

Gidan jego babu turare! Suruki ne, ba a ja-in-ja da shi, ballantana a gidansa. Na ɗauke kaskona na kai baranda, turarena ya yi ta tashi yana amfanar maƙwabta.

Na sami 'yata a ɗaki na ce, "Ke haka kike zaune?"

Ta ce, "Gwaggo, ba ki buɗe firji ba tukuna."

Na buɗe. A saman, wurin ƙanƙara, kusa da ƙaurin saniya da na zo da shi don farfesunta, an jera wasu fale-falen abubuwa kamar cakulan. Jajayen tsutsotsi ne da 'ya'yan jatan lande, an daskarar da su. Abincin kifi. Ɗaya ya ɗan narke lokacin da aka ɗauke wuta, ruwansa ya bi ledar namana ya sake daskarewa. Na wanke ƙaurin nan da lemon tsami har hannuna ya yi fari, kuma da ya dahu ban iya ɗanɗana gishirinsa ba.

Asabar ita ce ranar gawayi. Ina kicin ya shigo da fararen bokiti biyu, ɗaya da ruwan akwatin, ɗaya da sabon ruwan da ya haɗa. Ya ce in duba bambanci. Na akwatin ya yi rawaya, sak fitsarin mai zazzaɓi.

"Kin gani? Gawayin ya ƙoshi, ya daina aiki." Ya buɗe wata roba ya nuna mini baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsakin masara. "Ba irin namu na girki ba ne. Charbon actif ake ce masa. Daga ɓawon kwakwa ake yin sa, kowace ƙwaya cike take da ramukan da ido ba ya gani. Shi ke shanye abin da ke sa ruwa rawaya da wari, har da gubar da murjani ke fesa wa juna."

Wato ma faɗa suke yi da guba, a falon da ake shayar da jaririya.

Sabon gawayin sai an wanke masa ƙura kafin a sa. Ina kallo ya miƙa hannu ya ɗauki rariyata, wadda nake tace gasarar kunun kanwa da ita, ya juye a ciki ya sakar masa famfo. Baƙin ruwa ya cika wurin wanke-wanke. Sannan ya je ya ciro tsohon, a cikin wata jakar raga kamar safa. Tana ɗiga tun daga falo. Jikinta ya yi gansakuka, yauƙi yana bin yatsunsa. Da ya kwance bakinta ya zazzage, wata tsutsa mai gashi a gefe da gefe ta fito tana murɗawa, ta bi gefen kofin da maijego ke shan ruwan zafi.

Ban san lokacin da na kai banɗaki ba. Da na fito yana tambayata ko zazzaɓi ne, ya kawo mini magani. Na ce a'a, sauyin wuri ne. Da yamma na hau bensikin, wato acaɓa, na sayo sabuwar rariya da kofi, na riƙa ɓoye su a cikin jakar tufafina kamar kayan sata.

Tsohon gawayin ma bai zubar ba. Ya baza shi a faranti a baranda, wai in ya bushe zai zuba a tukwanen furanni. A Douala kuwa, da damina, me ke bushewa? Ƙudaje suka samu wurin zama.

Ana gobe taron mata mahaifiyarsa ta zo. Hajiya tana sayar da atamfa a kasuwa, tare muka yi 'yanmatanci, kuma tun lokacin ba ta iya magana a hankali ba. Ta zo da mata biyu na dangi don a fara soye-soye. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaga hanci.

"Wannan gidan jego ne ko bakin ruwan masunta na Youpwé? Ina turare?"

Na ce, "An hana, Hajiya."

"Wa ya hana?"

"Maigidan."

"Ni na haifi maigidan. Ina kaskon?"

Na nuna mata baranda na koma kicin wurin nama, raina fes. Abin da ban sani ba, gawayina saura kaɗan, wutar ta ƙi yin ƙarfi. Hajiya ta waiga ta ga faranti cike da baƙin tsaki, ta ɗauka ɓurɓushin gawayi ne na shanya. Ta damƙo ta zuba a kan garwashin, ta ƙara, ta fifita, ta ɗora turare mai yawa, ta kawo tsakiyar falo. Tagogi a rufe, na'urar sanyi tana aiki.

Da farko ƙamshi ne ya iso mini, har na ce alhamdulillahi. Sai wani abu ya biyo bayansa. Kamar an ƙona gashi da ruɓaɓɓiyar ƙaguwa a cikin kwata, sannan aka yayyafa musu turare. Turaren bai rufe warin ba, ɗaukar sa ya yi ya kai kowane lungu. Na fito na tarar matan nan biyu sun cusa fuska a gyale. Maijego ta dafe wurin ɗinkinta tana kakarin amai, hawaye na zuba. Na sunkuci jaririyar na yi ɗaki da ita na rufe ƙofa. Ina jin Hajiya tana salati tana tari, tana tambayar wane irin itace ne wannan.

A daidai nan ya dawo daga aiki, ɗauke da katan ɗin lemo na gobe. Na leƙo. Ya dire katan ɗin, ya wuce uwarsa, ya wuce matarsa, ya zube gaban kabad ya zare wayar injin kumfa. Ya ɗebo sabon gawayi a jakar raga ya ruga kicin, ya ture kwanon naman da na jiƙa, ya sakar masa famfo. Baƙin ruwa ya fantsama a kan naman suna.

Hajiya ta bi shi har can, ni ma na biyo baya.

"Kai! Matarka tana amai da ɗinki a ciki, 'yarka ta shaƙi wannan masifa, ba ka tambayi kowa ba, ka tafi wurin majina?"

"Maman, c'est vivant, masu rai ne, za su mutu."

"Mu gawa ne?"

Ya tsaya da jakar a hannu tana ɗiga. Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma kina gani kika yi shiru?" Na ce suruki ne. Ta ce to ita ba surukinta ba ne. Sai na ga tunda an fara, gara a gama, na ce ta buɗe firji. Abin da ta faɗa masa bayan nan rabi da Hausa ne rabi da Faransanci, kuma ba zan rubuta shi ba.

Mun buɗe tagogi, mun cire labule, mun goge kujeru da omo. Duk da haka kashegari mata suna shigowa da guɗa, sai ka ga guɗar ta tsinke a tsakiya, an fara waige-waige. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce a duba silin, ɓera ya mutu.

Bayan taron ɗaya daga cikin murjanin ya narke. Ko hayaƙin ne, ko kashe injin da ya yi, shi ma bai sani ba. Ya tsamo shi a roba, ya zama kamar dafaffiyar kuɓewa da ta kwana uku, wari kuwa ya fi na kaskon. Ya zauna yana kallonsa, idonsa ya kaɗa. Na so in tausaya masa, amma sai da na fita baranda na tofar da yawu tukuna.

Hajiya ce ta yanke hukunci. Wankin gawayi ya koma famfon bayan gida, da bokitinsa daban. Tsutsotsi suka bar firjin abinci. Akwatin dai yana nan, don maigidan ya ce sai dai a fitar da su tare. Na cika arba'in na koma New Bell.

Yarinyar yanzu tana tafiya. Watan jiya na je duba su, muna hira a falo, sai na neme ta na rasa. Tana gefen akwatin, ta yi ɗage, ta manna baki a bakin kabad inda ruwan ke fantsama ya bushe ya yi farin ɓawo, tana lasa. Na yi ihu na fizgo ta na goge mata harshe da mayafina. Ubanta ya ce, "Gishiri ne kawai, Gwaggo." Ita kuwa ta tsala kuka tana miƙa hannu a mayar da ita.