Malamin da ke tura mu bakin ƙofa

Jiya na ji jikata tana haddar darasin Ingilishi, sai marigayi malaminmu na kolej a Tasawa ya faɗo mini a rai.

Shi da ƙafa yake koyar da lokutan nahawun Ingilishi. In za ka faɗi abin da ya wuce, ka koma bangon baya; na yanzu, ka tsaya tsakiyar aji; na gaba kuwa, sai bakin ƙofa.

Shekarar da aka yi fari, zamanin soja, duk muka lafe a bangon baya: dā muna da shanu, dā muna da hatsi. Babana ya aiko daga garinmu Issawane in koma gida, dabbobi sun ƙare. Malam, alli har gemu, murya a dishe, ya nuna mini ƙofa.

Na ce, "Malam, ba ni da abin cewa can."

Ya ce, "Ɗana, ni ma haka. Je ka dai."

Na ja ƙafa na tsaya, rana na dukan fuskata, na ce da Ingilishi baɗi zan dawo.

Baɗin na dawo, shi ne ban iske ba. Allah ya jiƙan shi, ya buɗe mashi ƙofar da ta fi waccan.