Daminar da Yaya Ta Yi Jinyar Gwiwata

Da a ce haɗarin moto na yi, da ban sha wahalar ba da labarin ba. Mutum ya ce yana dawowa daga Dungu rairayi ya kwashe masa taya, kowa sai ya ce Allah ya kiyaye gaba, a wuce wurin. Ni kuwa a filin lakwal, wato makaranta, na faɗi, gaban yaran da nake koyarwa, sanye da gajeren wando, ga furfura ta fara fito mini a gemu.

Ƙarshen shekarar karatu ne aka haɗa wasan balo, ƙwallon ƙafa ke nan, tsakanin malamai da manyan ɗalibai. Shugaban lakwal ɗinmu ya ce in riƙe usur in yi alƙalanci, na ƙi, na ce yaran nan ba su san ko ni wane ne a zamanina ba. Ban daɗe da shiga ba balo ta zo gabana. Na kafa ƙafar dama zan juya, ƙafar ta tsaya cak a ƙasa, jikin ya juya shi kaɗai. Na ji ƙara a cikin gwiwata kamar an karya rake. Yara suka tuntsire da dariya, sun ɗauka faɗuwa ce kawai. Da suka ga inda ƙaurina ya karkace, sai filin ya yi tsit.

Wurin maɗori aka fara kai ni. Ya shafa, ya latsa, ya ce ƙashi lafiyarsa lau, wannan ba aikinsa ba ne. A Damagaram aka ɗauki hoto, likita ya ce jijiyoyin da ke riƙe gwiwa ne suka tsintsinke, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma sai an dangana da Yamai. Ƙanena mai bi mini ne ya raka ni. Aka yi aikin, aka ɗaure ƙafar cikin wani abu mai ƙarafa daga cinya har idon sawu, aka ba ni sanduna biyu, aka ce kada ƙafar nan ta taka ƙasa sai an ba ni izini.

Ko da muka dawo Matameye damina ta kankama. Ƙanena ya ɗan zauna, amma ina ganin hankalinsa yana ƙauyenmu Tsauni inda ciyawa ke cinye masa gona, sai na ce ya tafi. Matata kuwa cikinta ya tsufa, ko bokiti ba ta iya ɗagawa. Ba a jima ba ta sauka, iyayenta suka zo suka tafi da ita garinsu Yauri tare da yaran, tunda a gidana babu mai dafa mata ruwan wanka. A can aka yi suna. Ni uban jaririya ina kwance a kan katifa, a waya na ji kukanta.

Bayan tafiyarsu kwana ɗaya na yi ni kaɗai. Washegari da hantsi na ji ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama ƙasa-ƙasa. Mahaifiyata ce, da ƙullin kayanta da ƙwaryar dawo.

Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin mutanen da ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, na tashi cikin ƙannen mahaifiyata, su suna ce mata Yaya, ni ma na bi su. Har yau Yaya nake ce mata. In na je Tsauni gaisuwa, kanta na duƙe take amsawa, tana tsince wake ko tana gyara wuta, sannan ta tashi ta bar wurin. Ƙannena suna zama kusa da ita su yi hira har su yi gardama. Ni ban taɓa ba, kuma ban taɓa jin haushi ba, don haka na taso na gani. A gidana kuwa ba ta taɓa kwana ba.

Ta ajiye kayanta a ɗakin yara, ta share tsakar gida, ta hura wuta. Da abinci ya nuna sai ta tsaya a bakin ƙofata, ta bayan labule, ta ce, "A gaya wa mai gidan nan tuwo yana hucewa."

Babu kowa a gidan sai ni da ita.

Na ce, "Na ji, Yaya."

Haka muka zauna. Ta turo kwano ta ƙarƙashin labule, in na gama in tura mata. Ruwan alwala a buta, da tasar da zan yi a ciki, kullum suna bakin ƙofa kafin ladan ya kira. Masu dubiya in sun tambaye ta abin da ya same ni, sai ta ce, "Faɗuwa ya yi." In sun ce a ina, ta ce, "A wurin aiki." Ina ciki ina ji. Duk garin an san balo ce, amma ba wanda ya iya ja da ita.

Babbar wahalata bayan gida ce. Ƙafar da ba ta lanƙwasa ba ta tsugunno. Wani kafinta a unguwarmu ya yi mini kujera mai rami a tsakiya, aka ɗora a kan bakin masai. Ranar da ya kawo ta, a ka ya ɗauko ta tun daga shagonsa, ya ratso layinmu da ita da rana tsaka. Ban tambaye shi ko mutane sun gani ba.

Wata safiya an kwana ana ruwa. Na lallaba da sandunana na shiga makewayi, na gama abin da ya kai ni, na yunƙura zan tashi. Sandar hagu ta zame a kan siminti mai santsi. Na tafi gaba ɗaya, kafaɗata ta bugi bango, na zube a ƙasa cikin ruwan da ya kwanta. Allah ya taimake ni ƙafar mai ciwo tana sama, ƙarafan suka kare ta. Amma zanen da na ɗaura ya kwance ya faɗi can gefe, sanda ɗaya ta yi waje ta ƙarƙashin ƙyauren langa-langa.

Na yi ƙoƙarin tashi, na kasa. Babu abin kamawa. Na ja jiki, hannuna ya zame. Sai na kwanta ina kallon sama, ina jin ɗigar ruwa daga indararo. Na san ta ji faɗuwar, don dakan da take yi ya tsaya. Na ce a raina gara in kwana a nan da in kira ta.

Na ji takunta ya matso, ya tsaya.

Ta ce, "Lafiya ake a ciki?"

Na ce, "Lafiya lau."

Sandata tana gabanta a ƙasa.

"A aika a kira wani?"

Na tuna kowane namiji a layinmu yana gona ko kasuwa a wannan lokacin, wanda za a samu sai an bi gida-gida ana faɗin abin da ya faru.

Sai ga mayafinta ya faɗo ta saman ƙyaure, ya sauka a kaina. Na rufe jikina da shi. Ta turo ƙyauren, ta shigo da baya, fuskarta na kallon waje. Ta durƙusa, ta ce, "A kama kafaɗata."

Mace ce ƙarama, ta manyanta. Na ce, "Yaya, ina da nauyi."

Ta ce, "An sani."

Na kama. Ƙashin kafaɗarta ya cika mini tafin hannu. Ta yi bismilla ta yunƙura, ni ma na dage da ƙafar hagu, muka miƙe tare muna tangaɗi. Tana warin hayaƙi da man shanu. A iya sanina ranar ce na fara taɓa jikinta. Ta kai ni har bakin katifa ba ta waiwayo ba, ta fita, ta dawo da ruwan zafi ta ajiye, ta ja labule. Yinin ranar ban ci abinci ba. Ba ciwo ya hana ni ba. Na kasa tura hannu in jawo kwanon ne kawai, don kada ta ga hannun.

Da yamma na ji tana zuba toka da yashi a makewayi. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Da aka cire ɗinki, sai aka shiga wani sabon babi. Lokaci-lokaci ana kai ni Damagaram wurin mai motsa gaɓoɓi, wanda muke ce wa kine. Ya kama ƙafar ya lanƙwasa, ta tafi kaɗan ta cije. Ya ce gwiwar tana sandarewa, in ban dage a gida ba za ta zauna haka, ko kuma a sake sa ni barci a lanƙwasa ta da ƙarfi. Ya ce sai an samu mai tura mini ita kullum, wanda ba zai ji tausayina ba.

Wani abokin aikina ya ɗauki nauyin. Mutumin kirki ne, amma ina yin nishi sai ya saki, ya ce, "Mushe, ya isa haka, gobe ma rana ce." Mushe ake ce wa malamin lakwal a wurinmu. Ni kuma in ji daɗi. Muka koma Damagaram, kine ya gwada ya ce ba abin da ya ƙaru. A tsakar gida abokin nawa yake maimaita mini faɗan da aka yi mana, Yaya tana gindin murhu.

Washegari bayan la'asar sai ta ɗaga labule ta shigo, abin da ba ta taɓa yi ba. Rediyona yana hannunta. Ta kunna shi, ta ƙure murya, ta ajiye a taga.

Ta ce, "A kwanta rub da ciki."

Na kwanta, fuskata a matashi. Ta kwance maɗauran, ta dafa cinyata da hannu ɗaya, ɗayan ta kama idon sawu, ta fara turo diddigen zuwa baya. Ashe duk zuwan abokina tana lura ta gefen labule. Aka zo inda yake tsayawa, ba ta tsaya ba. Na ji kamar ana tsaga gwiwar da wuƙa. Na ciji matashi. Na ce, "Yaya, ya isa." Ba ta saki ba. Na ɗaga murya, "Yaya, don Allah!"

Ta ce, "Saura kaɗan."

Na yi kuka, kuka na gaske mai hawaye da majina, ni da nake tsawata wa ƴaƴan mutane a aji. Rediyo yana ta sanarwar ɗaurin aure da rasuwa. Da ta ga dama ta sauke ƙafar a hankali, ta mayar da maɗauran, ta kashe rediyo ta fita. Ta gefen labule na hango ta tana son kunna wuta. Ashana tana ta karyewa a hannunta, sai da ta ɓata da yawa kafin ɗaya ta kama.

Haka ta riƙa yi kullum. Ran nan batir ya mutu ana tsakiyar yi, ihuna ya fita fili. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Yaya ta amsa daga ɗaki, hannunta bai bar ƙafata ba, "Lafiya lau, magani yake sha." Na daɗe ban yarda mun haɗa ido da matar nan ba.

Gwiwa ta fara ba da kai. Aka ba ni izinin takawa, daga sanda biyu na koma ɗaya. Juma'ar da na fara zuwa masallaci, da kujerar roba na je, na zauna a ƙarshen sahu. Wani Alhaji da ya girmi mahaifina ya zo kusa da ni, ya dafa ƙasa ya zauna da kansa, ƙasusuwansa suna ƙara. In an yi sujada kowa ya tafi ƙasa, ni kaɗai nake saura a sama ina kallon bayan mutane. Da aka sallame, uban wani ɗalibina ya miƙo mini hannu ya ce, "Mushe, an bar balo ke nan?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Da gero ya nuna matata ta dawo da jaririya. Yaya ta karɓe ta, ta yi mata wasa, ta kira ta kishiya, ta yi hira da matata har da shewa. Kwana biyu bayan haka ta ɗaure kayanta. Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa mata. Na dogara sanda na same ta a zaure tana jiran mai moto, matata tana tsaye kusa da ita.

Na ce, "Yaya, abin da kika yi mini, ni ban san..."

Ta juya wajen matata ta ce, "Randar nan ta gindin bishiya tana yoyo, a sake ta." Ta hau moto suka tafi.

Yanzu ina tafiya ba sanda, ina hawa moto, na koma aji. Gwiwar tana lanƙwasa, amma ba ta kai ƙarshe ba, kuma likita ya ce wataƙila iyakarta ke nan. Na saba da zaman tahiya da ƙafa a miƙe. Abin da ban yi tunaninsa ba sai da na je Tsauni da ƙaramar salla. Na shiga gida na same ta zaune a tabarma, na tafi zan durƙusa in gaishe ta yadda na saba tun ina yaro, gwiwa ta ƙi. Na tsaya a kanta ƙiƙam, ƙato da ni, ƙannena da matansu suna kallo. Na rasa yadda zan yi da tsawona. Daga ƙarshe na dafa bango, na zame a hankali har ƙasa, na zauna daɓas a cikin rairayi da sabuwar shaddata, ƙafa ɗaya a miƙe tana nuna gefe.

Na ce, "Yaya, barka da salla."

Ta amsa tana kallon faifan da ke cinyarta. Sannan ta ce wa matar ƙanena a kawo tabarma, kuma in za a tashi a kira maza biyu su kama.