Saiwar Haƙorin Baba

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye ƙauyenmu na wajen Maradun, aka kwashe mu zuwa sabon matsuguni, a shekarar ce dasashin Baba ya fara ja da baya. Saiwoyin haƙoransa suka fito fili, zara-zara. Ko iska ya shaƙa ta baki sai ya dafe kunci.

Na ɗora shi a keke na kai shi Talata Mafara wurin wani likitan haƙori. Mutumin ya tsane bakin da auduga, ya shafa wa saiwoyin wani magani mai danƙo kamar ƙaro, wai shi fuloraid. Ya ce saman haƙori na da rufi mai tauri, saiwa kuwa ba ta da shi, ƙananan ƙofofi ne a jikinta da ido ba ya gani. Maganin zai manne, saiwar ta riƙa tsotsarsa a hankali har ta yi ƙwari. Kada ya yi asuwaki sai gobe.

Baba ya ce, "Malam, ashe haƙori na sha?"

"Yana sha, Baba."

"Ko mai shi ya mutu?"

Likitan ya yi dariya.

Ciwon ya lafa, amma Baba ya rage magana. Sai in tarar da shi zaune da hantsi, yana ta yawo da harshe a bakinsa.

Bayan shekara biyu, da bazara, ruwan dam ya ja baya sosai, ya ce in kai shi tsohon gari. Wani masunci ya ƙetare da mu, muka ƙarasa da ƙafa a kan laka da ta tsattsage. Rana tsaka ce, amma ko tsuntsu babu. Kukar kasuwarmu na tsaye, ta mutu, ta yi fari fat.

A maƙabarta ruwa ya zaizaye ƙasa. Muka ga ƙashin muƙamuƙi a fili, haƙoransa duk suna nan, sun rine sun yi jajur har saiwa. Baba ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.

"Wanga na innata ne," in ji shi. "Dubi giɓin nan."

Na ce Baba, masu giɓi da yawa.

"Na san bakin da ya tauna mani abinci. Shekara biyu tana shan ruwan ga, mu kuma muna shan ta."

Muka tona rami da hannu muka rufe shi, muka yi addu'a. Masuncin ya ƙi matsowa, daga nesa ya shafa.

Tun ranar Baba bai ƙara kai ruwan dam bakinsa ba. Rijiyar wani ƙaninsa a hanyar Bakura nake zuwa in ɗebo masa, jarka biyu a keke, har Allah ya karɓi ransa. Muka binne shi a tudu mafi nisa da ruwa, kamar yadda ya roƙa. Ni dai har yau ruwan nake sha, ba ni da wani.